Ranar da na goge gidanmu da yatsa ɗaya

"Danna mana, Auta! Me kike jira?"

Baffa ne tsaye a kaina, hannu ɗaya a bayan kujerar da nake zaune, ɗayan yana nuna sikirin da carbinsa. Yatsana na kan maus. Zuciyata na ce min kar ki kuskura, bakina kuma ya ƙi buɗuwa. Wallahi ko me zan manta a duniyar nan, ban da wannan Juma'ar. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga ana jona wani abu a jikin kwamfuta sai ta faɗo min a rai.

Bari in ɗan koma baya don ku san abin da ke ƙarƙashin yatsan nan nawa.

A Nassarawa GRA na taso, a gidan kakanmu. Wanda ya san unguwar kafin filaza, manyan ginin shagunan nan, ta cinye ta ya san irin gidajen da nake nufi. Ginin ɗan guntu a tsakiyar fili kamar an manta da shi, baranda ta zagaye shi, darbejiya da mangwaro sun yi masa rumfa. Layinmu shiru, sai a daɗe mota ba ta wuce ba. A kan titin muka koyi keke, a kansa muka kuje gwiwoyi. Da yamma mai fura takan shigo har baranda ta sauke ƙwaryarta, kakarmu Hajiya ta zauna ciniki da ita kamar saniyar gaba ɗaya za ta saya.

Abbanmu da yayansa Baffa a gidan suka girma. Baffa ya yi nasa ginin layi biyu daga nan, mu aka bari da Hajiya. Bayan rasuwarta magada suka zauna, Baffa ya ce a sayar. Abba bai so ba, kowa ya san bai so ba, amma a gidanmu ba a ja da babba. In Baffa ya ce rana ta faɗi da azahar, sai dai ka ce Allah ya kai mu gobe. Abba ya ce, "To, Yaya." Magana ta ƙare.

Saura sati ɗaya mu tashi, yayata, wadda ita ce 'yar fari, muna ce mata Yaya, ta aro kyamara a makarantarsu. Zanen gine-gine take karanta lokacin. Ta bi gidan ɗaki-ɗaki tana ɗauka, ta sa Abba a gaba yana bayani. Nan ne ɗakin da aka haife shi, nan ne kakanmu yake karatu bayan asuba, wannan bishiyar shi ya dasa ta da hannunsa. Ni ce mai riƙe mata waya da jaka, ina ta mita don rana. Da ta gama ta zuba komai a laftof ɗinta, wata siririya mai ruwan azurfa irin ta masu zane, wadda ba ta barin kowa ya taɓa. Bidiyoyin suka cika ta, ta fara nauyi. Sai Yaya ta sayo estanal, ɗan akwatin nan baƙi na ajiyar fayil da ake jonawa da kebul, ta kwashe komai ta mayar ciki, ta goge na kan laftof ɗin. Da za ta tafi hidimar ƙasa ta miƙo min shi a cikin safa.

"Ki riƙe min wannan kamar idonki. In na dawo zan haɗa shi ya zama fim guda."

Lokacin mun riga mun koma Badawa. Na jefa shi ƙasan akwatina, na manta da shi.

Bayan wasu watanni, ranar wata Laraba, Abba ya dawo gida da wuri. Bai ci abinci ba. Ya zauna a falo da hularsa a kan gwiwa, yana kallon talabijin da ba a kunna ba. Umma ce ta raɗa min a kicin cewa ya bi ta tsohon layinmu ya tarar da katafila. Gidan babu, bishiyoyin babu, an zagaye filin da kwano.

Can ya kira ni. "Auta, ina abin nan da yarinyar nan ta ɗauka?"

Abba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar 'yar fari. "Yarinyar nan" ita ce. Na ce yana nan. Ya ce in shirya shi, ranar Juma'a in mun je cin abinci gidan Baffa a kalla a can, tunda kwamfutar ɗakin karatunsa tana da babban sikirin. Yanzu da na girma nake zargin ba don sikirin ba ne kawai. Abba yana so yayansa ya zauna ya kalli abin da aka rushe. Ba zai iya faɗa masa da baki ba, sai ya bar wa bidiyo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ci dambu, sannan aka ɗunguma ɗakin karatun. Aka jawo kujeru. Ga Abba, ga Umma, ga Gwaggo ƙanwarsu da ta zo daga Kawaji musamman, har da gilashinta na karatu. Ni aka zaunar a gaban kwamfuta, don a wurin manyanmu duk wanda ya iya latsa waya injiniya ne.

Na zaro estanal daga safa na jona. Fitilarsa ta kama, na ji yana ɗan motsi a ƙarƙashin tafina. Muka jira. Maimakon folda ta buɗe, sai wani ɗan akwatin saƙo ya fito da Turanci, wai sai an yi wa abin nan fomat kafin a iya amfani da shi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san ma'anar fomat ba. Na sani sarai. Na taɓa yi wa memorin wayata, waƙoƙina suka tafi gaba ɗaya, na yi kwana biyu ina fushi da kowa. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa kwamfutar take neman haka, alhali da idona na ga abin yana aiki lafiya a laftof ɗin Yaya. Na cire na sake jonawa. Saƙon ya dawo. Na canja rami. Ya dawo.

"Me yake cewa?" in ji Gwaggo.

Baffa ya matso ya karanta. "Ba komai ba ne. Baƙon abu ta gani, tana so ta shirya shi. Ki ce mata eh."

Na ce a hankali, "Baffa, kamar in an danna yana gogewa."

"Yana me? Ke, shekara da shekaru ina aiki da kwamfuta a ofis tun ba a haife ki ba."

Gwaggo ta gyara gilashi ta ce, "Ni dai na san sakatare ke buga maka." Ita kaɗai ke iya yi masa ba'a, ita ma sai ta kalli gefe. Aka yi 'yar dariya, Baffa bai yi ba. Ina ganin wannan dariyar ce ta ƙarasa ni, don daga nan maganar ta tashi daga kan kwamfuta ta koma kan girmansa.

Na juya na kalli Abba. So nake ya ce a bari a kira yarinyar nan tukuna. Kalma ɗaya kawai nake nema. Ya kalle ni, ya kalli yayansa, ya sunkuyar da kai.

A nan ne Baffa ya ce, "Danna mana, Auta! Me kike jira?"

Na danna. Wani akwatin ya fito, na danna. Sai na uku ya fito da gargaɗi ƙarara, cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na karanta shi a fili, ko Allah zai sa wani ya ce tsaya.

"Duk haka suke rubutawa don su tsorata mutane," in ji Baffa. "Ko maganin ciwon kai ka saya, takardarsa cewa take zai iya kashe ka."

Na danna na uku.

Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Wani koren layi ya gudu daga hagu zuwa dama, kwamfutar ta ce an gama. Baffa ya ce, "Kin gani? Ga shi ya buɗe." Ya buɗe kam. Fari fat, kamar sabon faranti.

Gwaggo ta matso da fuskarta har kusa da sikirin. "To ina gidan?"

Na rufe na sake buɗewa, ba komai.

Baffa ya yi gyaran murya ya ce wataƙila dama babu komai a ciki, yaran yanzu ba su da tsari. Ya ce in kwafo hotunan Sallah da ke kan kwamfutarsa in zuba a ciki mu ga ko yana aiki. Ban san daga ina ƙarfin ya zo min ba. Ban ce a'a ba, har lokacin bakina bai iya ba. Hannuna ne kawai ya fizge kebul ɗin, na cusa estanal a safa, na rungume shi a ƙirji na fashe da kuka kamar 'yar firamare.

Abba ya miƙe ya sa hularsa. "Mu je, la'asar ta kusa." Abin da ya ce ke nan. A mota bai bi ta hanyar da muka saba ba, ya yi dogon zagaye don kar mu wuce ta tsohon layin. Bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Muna isa gida na kira Yaya. Na ji hayaniyar masu babur a bayanta.

"Kin danna ME?"

"Baffa ne ya ce..."

"Baffa ne ya ɗauki bidiyon? Baffa na ba wa ajiya? Auta, babu wani kwafi fa! Babu a ko'ina!"

Ta kashe wayar. Bayan minti biyar ta sake kira, muryarta a dishe, ta ce kar in sake jona shi a komai, in kai wa Madam.

Madam maƙociyarmu ce a Badawa, 'yar Zariya, Kirista, tana koyar da kwamfuta a wata sakandare. Ita da Umma har sun saba, da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa, da Sallah mu aika mata da nama. Na same ta a tsakar gida tana tsinke alayyahu. Na ba ta labari ina shessheƙa, ba ta katse ni ba har na gama.

"Bayan kin goge, kin zuba wani abu a ciki?"

"A'a. Baffa ya ce in zuba, na fizge."

"To wannan fizgewar ita ce abu ɗaya mai hankali da aka yi a ɗakin nan. Share hawayenki, zo ki taya ni tsinka."

Muna tsinkar alayyahu ta yi min bayanin da har yau ban ji wanda ya fi shi ba. Ta ce laftof irin ta Yaya da kwamfuta irin ta Baffa kowacce da yadda take rubuta ajiyarta. Ta ce in ɗauka kakana ya rubuta wasiƙa da ajami, aka miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya. Zai juya takardar ya ce shi bai ga rubutu ba, zane-zane ne kawai, a kawo ya share ya ja mata layi a yi amfani da ita. Ba estanal ɗin ne ya lalace ba, lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar Baffa ce ba ta iya karanta shi ba. Da mun haƙura mun nemi laftof irin ta Yaya, da ya buɗe nan take.

Na ce, "Shi ke nan sun tafi?"

Ta ce gogewar gaggawa ba ta share komai da komai. Kamar a yage shafin farko na littafi ne, wanda ke faɗin inda kowane babi yake. Babobin suna nan, sai dai an rasa mai nuna hanya. Amma duk abin da aka zuba sabo, a kansu zai hau. "Ba na yi miki alkawari," in ji ta. "Manyan bidiyo su suka fi wuyar dawowa. Ki bar min shi."

Kwana uku kwamfutarta tana laluben abin nan. In an ɗauke wuta sai ta tayar da janareta don kar aikin ya katse, ta ƙi karɓar ko man da Umma ta aika. Ni kuwa kwana ukun nan ban iya haɗa ido da Abba ba. In ya shigo falo sai in tuna ina da wanki.

Ranar Litinin da yamma ta aiko 'yarta ta kira ni. Fayiloli sun dawo, amma ba suna, ba tsari, lambobi ne kawai jere. Muka zauna muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Hotuna da yawa sun fito lafiya. Dogayen bidiyoyin kuwa, waɗanda Abba ke zagayawa yana bayani, ko ɗaya bai tsira ba. Wani ya ƙi buɗuwa, wani ya buɗe ya nuna rabin fuskar Abba ya daskare, sauran duk kore da toka. Na sake fara kuka.

Sai Madam ta ce, "Tsaya, wannan ƙaramin yana tafiya."

Minti uku ne da 'yan kai. Ashe Yaya ta ajiye kyamarar a kan wata kujera ba ta kashe ba. Ba fuskar kowa a ciki. Jan daɓen simintin falonmu kawai ake gani, wanda ya sha goga har yana sheƙi, da hasken taga kwance a kansa, da ƙafafu huɗu cikin silifas. Sai murya biyu. Abba da Baffa ne, ranar da Baffa ya leƙo ganin yadda ake haɗa kaya. Musu suke a kan wanda ya fasa gilashin tagar falo da ƙwallo suna yara.

"Kai ka buga ta," in ji Baffa.

"Ni na buga, amma wa ya ce in buga? Kai ka tsaya a gola a gaban taga!"

"Kuma ni na sha dukan."

"To ai kai ne babba, Yaya."

Sai dariya. Su biyun suna dariya har ɗaya yana tari. Tunda nake ban taɓa jin Abba ya yi musu da Baffa ba sai a wannan minti ukun, kuma ban taɓa jin Baffa yana dariya haka ba.

Madam ta zuba min komai a wani filashi, ta ce ta yi masa tsarin da kowace kwamfuta ke karantawa, wai shi exFAT. Ta sa na maimaita sunan sau uku kamar 'yar aji ɗaya. Ta kuma tura wa Yaya kwafi, ta ce abin da ke wuri ɗaya tak ba ajiya ba ne, jiran tsautsayi ne.

Juma'ar da ta biyo muka koma gidan Baffa. Ba wanda ya tayar da maganar a wurin cin abinci. Da aka gama na ce, "Baffa, in ka ba ni izini akwai abin da zan nuna." Ya ɗaga min hannu kawai.

Muka kalli hotunan, Gwaggo tana ta "Allah sarki, ga randar Hajiya." Sannan na kunna ɗan bidiyon. Da muryoyin suka fara, Abba ya ɗago kai. Baffa ya daina jan carbi. Da ya ƙare sai Baffa ya ce, "Sake sa shi." Na sake. Ya ce in ƙara. Sau huɗu muka kalli jan siminti da silifas.

A na huɗun ya cire gilashinsa yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Bai kalle ni ba ya ce, "Sauran fa? Wanda ubanki yake zagayawa?"

"Sun tafi, Baffa."

Can ya ce, "Auta, kin san zai goge?"

"Na sani."

"To me ya sa ba ki hana ni ba?"

Abba ne ya amsa, a hankali, idonsa na kan sikirin. "Ni ma ban hana ka ba, Yaya."

Kowa a ɗakin ya san ba maganar estanal yake ba. Baffa ya gyaɗa kai, ya mayar da gilashinsa, ya ce wa Gwaggo ta sa a kawo shayi. Ranar sai bayan magariba muka tafi, su biyun suna baranda suna ta tsohon zance, mu muna jiyo su daga ciki.

Yaya ba ta taɓa haɗa fim ɗinta ba, ba abin haɗawa. Ta yi wata biyu tana amsa min waya da "uhm" kafin ta huce. Inda gidanmu yake yanzu shaguna ne hawa biyu, har na taɓa shiga na sayi turare, na tsaya ina ƙoƙarin gane ta ina kicin ɗinmu yake, mai shagon yana tambayata ko na yar da wani abu ne.

Abin da na koya a kan kwamfuta ba shi da yawa. In ta ce a yi wa abu fomat, ba lallai abin ne ya lalace ba, wataƙila ita ce ba ta iya karatunsa ba, a cire a nemi wadda ta iya. Kuma duk abin da kake so, ka ajiye shi wuri biyu. Ɗaya darasin ne ya fi min wuya. An koya mana ladabi, kuma ina godiya da hakan. Amma ba a koya mana yadda ake cewa "Baffa, ka yi haƙuri, wannan ba zan danna ba" cikin ladabin ba. Na ɗauka shiruna girmamawa ce, ashe shi kansa da na hana shi ya fi so.

Ku fa? Babba na tsaye a kanku, kun san abin da yake cewa ku yi ɓarna ce, ga mutane ana kallo. Ku faɗa min gaskiya, da kun danna ko da kun cire hannu?